Ranar da Yaya Ya Kai Mu Kallon Itatuwa

Ni ce na lallashi Inna har ta yarda da tafiyar. Babban yayanmu ne ya kira ni a waya a farkon dogon hutu, damina ta yi tsakiya, ya ce yana so ya fita da ita ta sha iska. Tun rasuwar Baba ba ta wuce Tudun Wada ba, shi ma sai asibiti ko gaisuwar mutuwa. Ya ce mu bi ta Jos mu kwana, washegari mu wuce Bauchi wurin ƙanwarta da suka daɗe ba su ga juna ba.

Ya ce, "Maganarki take ji. In ni na faɗa, za ta ce ƙafa na yi mata ciwo."

Na ji daɗi ƙwarai. Har na ce wa maigidana ashe Yaya ya fara tuna yana da uwa. A Kaduna yake aikin ofis, yakan leƙo gida wani ƙarshen mako, ya gaisa a tsaitsaye, ya koma zaure wurin abokansa. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, aurena a Ƙofar Kibo, kusan kullum sai na biya ta gidanmu a Kusfa kafin in wuce. Ni na san lokacin da maganin hawan jininta ke ƙarewa, ni na san ranar da ba ta ci abinci ba.

A bayan ɗakin Inna akwai wani fili da muke kira garka. A cikin birnin Zariya, inda gida ke manne da gida, samun irinsa sai an tona. Akwai wata kanya a ciki da ko Baba ya ce a haka ya taso ya gan ta. Akwai tsamiya, da ɗinya, da mangwaron da Baba ya dasa da hannunsa. Lemun tsami da lalle da zogalen da ke jikin katanga kuwa na Inna ne. A nan take yin wanki, a nan take shanya, a nan take zama da carbinta daga azahar har la'asar. Ɗakinta bai taɓa sanin zafin bazara ba saboda inuwar kanyar nan.

Da aka raba gado, garkar ta faɗa a rabon Yaya. Ba wanda ya ja. Amma a gaban kawunnanmu ya buɗe baki ya ce muddin Inna na raye ba zai taɓa ko ganye ba. Daga baya ya fara kawo zancen gini. Ya ce saiwar kanya na fasa katangar maƙwabta, ya ce reshen tsamiya zai kashe mutum wata rana, ya ce fili na zaune a banza alhali mutane na neman ɗakin haya. Amsar Inna ba ta taɓa canzawa ba: "Ka bari in mutu tukuna." Sai zancen ya mutu, muka ɗauka ya haƙura.

Ranar tafiya ya iso da matarsa, wadda muke kira Anti, muka fita da sassafe bayan an sha koko. Inna ta sa atamfarta ta zuwa biki, ta ɗaure tsarabar ƙanwarta: daddawa, kuka, garin lallen da ta daka da kanta, da lemun tsamin da ta sa aka kaɗo mata da yamma. Yaya ya buɗe mata gidan gaba. Ba mu kai Ƙofar Gayan ba ya miƙa hannu ya ce, "Inna, kawo wayarki in sa miki caji." Ta ba shi. Ya jefa ta cikin aljihun mota ya rufe. Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba.

Hanya ta yi daɗi, kuma wannan na cikin abin da ke ƙona mini rai. Gonakin masara kore shar tun daga Soba, an yi ruwa da dare, gari ya yi luf. Inna ta sake jiki tana ta hira. Ta ba mu labarin zuwanta Jos sau ɗaya tak tana amarya, a bayan babbar mota, ita da Baba da buhunan barkono, ta yi ta atishawa har suka isa. Muka yi ta dariya. A Pambeguwa Yaya ya saya mana gasasshiyar masara, Inna ta ce haƙoranta ba za su iya ba, amma ta cinye rabi.

Wayarsa ce kawai ba ta huta ba. Da ta yi ƙara sai ya duba, ya gangara gefen titi, ya fita ya yi nisa da mota kafin ya amsa. Ya dawo ya ce ofis ne, ba sa barin mutum ya huta. Inna ta ce Allah ya yi albarka, ya dafa masa. Anti kuwa tana kusa da ni a baya, fuskarta na wajen taga, sai dai ta yi ta tura mini abinci. Ci cincin. Sha lemo. Na ɗauka ko saɓani suka samu a gida.

Da muka wuce Saminaka muka fara hawa, duwatsu suka fara fitowa, wani kan wani kamar an jera su da hannu, sanyi ya fara shigowa. Inna ta ja mayafi ta rufe kunnuwa. Kafin mu shiga cikin garin Jos sosai, Yaya ya saki babban titi ya ce akwai inda zai kai mu, ba zai faɗa ba sai mun gani.

Wani lambu ne da aka keɓe don adana itatuwa da tsirrai iri-iri, mutane su zo su gani, ɗalibai su yi karatu. Ban taɓa shiga irinsa ba. Daga ƙofa hanyoyi suka rarrabu, an shimfiɗa musu tsakuwa, kowace bishiya da ɗan allon ƙarfe a gindinta an rubuta sunanta da inda aka samo ta. Akwai ƙerana da ta fi ɗaki tsawo. Akwai gora a cunkushe, in iska ta kaɗa sai ka ji tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Akwai wani tafki cike da bado, da furanni ja da ruwan ɗorawa da wasu kalolin da ban san sunansu ba. Wurin na ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganye. Nan take na fara tunanin yadda zan shawo kan shugabar makarantarmu mu kawo 'yan aji shida.

Inna ta manta da ciwon ƙafa. Tana gaba muna binta. Ta shafa wannan, ta murza ganyen wancan ta shinshina. Da ta ga bishiyar atili ta tsaya ta ɗaga kai, ta ce ashe haka uwarsa take, ita dai a faranti ta san shi. Can muka iske wata kanya, ita ma da allonta. Inna ta zagaya ta, ta dafa ta, ta yi dariya.

Ta ce, "Wannan ai jikar tawa ce. Har ita aka yi wa allo?"

Yaya ya yi dariya shi ma. Yana tafe yana karanta mana allunan da Turanci yana fassarawa, yana ɗaukar Inna hoto a gindin kowace babbar bishiya. Har da cewa, "Kin gani, Inna? Nan sun san darajar abu. Dubi yadda aka tsara komai a inda ya dace." A wani gefe ana sayar da dashe a baƙaƙen ledoji. Ya tsaya ya zaɓi furanni da yawa da wasu ƙananan itatuwan ado, ya sa aka kai mota. Ya ce na Inna ne. Ta yi ta sa masa albarka.

Wayata na cikin jaka, tun a hanya na rufe mata murya. Na ciro ta ne don in ɗauki hoton badon nan, sai na ga kiran Gwaggo a jere. Ƙanwar Baba ce, katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Na ɗauka rasuwa aka yi. Na koma gefe na kira ta.

Kafin in ji muryarta, ƙarar inji na fara ji.

Ta ce, "Ke, kuna ina? Tun safe nake neman Innarku, waya a kashe!"

Na ce muna Jos, lafiya?

"Ina fa lafiya! Kuna fita suka shigo. Maza ne da injin yankan itace, sun fasa katangar garka ta baya. Na fita na yi musu magana, suka ce mai wurin ne ya turo su. Na kira yayanku, ya ce in koma ɗaki, ba ruwana. Ni ya ce wa ba ruwana! Mangwaro ya tafi, ɗinya ta tafi, tsamiya ta faɗi ɗazu har ƙasa ta girgiza. Yanzu ga su can a kan kanya."

Ban san me na ce mata ba. Na tsaya riƙe da waya ina kallon Yaya daga nesa. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya yana neman yadda Inna da bishiyar za su fito gaba ɗaya a hoto, yana ce mata ta ɗan matsa dama, ta yi murmushi. Sai komai ya dawo mini: cajin waya, kiran ofis, cincin ɗin Anti, da "maganarki take ji".

Na ƙarasa na ce, "Yaya, zo ka ji."

Ya dubi fuskata, ya dubi wayar da ke hannuna, ya gane. Ya ce wa Anti ta zaunar da Inna a benci ta huta. Muka koma bayan gorar nan.

Na ce, "Kira su yanzu ka ce su tsaya."

Ya ce, "Gwaggo ce ko? Na san ba za ta iya yin shiru ba."

"Ka kira su. Ba su gama da kanyar ba."

"Aiki ya riga ya yi nisa. In an bar ta rabi a yanke, kan ɗakin Inna za ta faɗo. Ki kwantar da hankalinki ki saurare ni."

Wai in saurare shi. Ya fara jero mini abin da na riga na sani. Filinsa ne ko ba nasa ba ne? Maƙwabci ya kai ƙara wurin mai unguwa a kan katanga, ni zan je in amsa? Yana da 'ya'ya, ritaya na matsowa, yana so ya ga ya kafa wani abu. Ya yi wa Inna magana ta ƙi, ya sake yi ta ƙi, to ya zai yi? Ya ga gara a yi ba ta nan, kada ta tsaya tana kallo jininta ya hau. Kafin mu dawo daga Bauchi an kwashe komai an share, ta yi kukanta na yini ɗaya, shi ke nan.

Ya ce, "Shi ya sa na ce ki zo. Ke za ki iya lallashinta."

A gidanmu ba a ɗaga wa Yaya murya. Tun muna yara in ya shigo muke gyara zama. Ranar na ɗaga, har wasu ɗalibai da ke zane a gindin wata bishiya suka juyo suna kallonmu.

Na ce, "Ka rasa inda za ka kawo ta sai nan? Duk faɗin garin nan? Ka tsayar da ita tana yi wa itatuwan wasu dariya, kai kuma kana sare nata?"

Ya ce, "Ai don na san tana son itatuwa na kawo ta. Ba ki ga na saya mata wasu ba?"

Da gaske yake. Ko a fuskarsa babu alamar ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Da ya yi mini ƙarya a lokacin, ko ya sunkuyar da kai, wataƙila da na sami inda zan ajiye fushin. Amma shi a ganinsa ya kyauta. Ya zauna ya tsara abin tsaf, ya ga ya fita haƙƙin kowa: uwa ta sha iska, ta ga furanni, an yi mata hoto, an saya mata dashe a leda.

Na ce, "Ka yi alkawari a gaban su Kawu."

Ya ce, "Alkawari ai da hali ake cika shi. Ki rufa mana asiri, kada ki faɗa mata yanzu. Ki bari mu isa Bauchi, tana tare da 'yar'uwarta. In wani abu ya same ta a nan, ke kika ja."

Wannan ce ta ƙarasa ni. Ya sare, ya yi ƙarya, ya ɓoye waya, sannan in ta faɗi ni na ja. Na juya na bar shi a tsaye.

Anti ta taso ta tare ni kafin in kai benci, idonta ya ciko. Na ce mata, "Kin sani?" Ta ce, "Wallahi na faɗa masa ba daidai ba ne." Na ce, "Ni fa, kin faɗa mini?" Tun daga Zariya kafaɗarta na gogar tawa.

Inna ta riga ta miƙe. Ta ce, "Wa ya rasu?"

Na ce ba wanda ya rasu. Na kama hannunta na zaunar da ita, na faɗa mata yadda Gwaggo ta faɗa mini, ban rage ba ban ƙara ba. Ina magana ina kallon fuskarta, ina jiran kuka ko salati. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dubi Yaya da ya ƙaraso ya tsaya nesa kaɗan.

Ta ce, "Ba ni wayata."

Ya ce tana mota. Ta ce ya je ya ɗauko. Ya tafi ya kawo, ko alamar caji ba ta gani ba, a kashe take. Na kunna mata, na kira Gwaggo. Ta kara a kunne ta daɗe tana saurare. Abu ɗaya kawai ta tambaya: "Lallen fa?" Ta ƙara saurare, ta ce, "To." Ta miƙo mini wayar.

Yaya ya durƙusa a kan tsakuwa ya fara ba da haƙuri, yana maimaita zancen katanga da mai unguwa. Ya ce ƙanwarta na can Bauchi tana jiran zuwanmu gobe, kada a ɓata tafiya.

Inna ta ce, "Mai da ni gida."

"Inna, ko mun koma yanzu ba abin da..."

"Mai da ni gida, ko ka nuna mini tasha."

Muka fito ta cikin furannin nan. A bakin mota ya buɗe mata gaba, ta wuce shi ta buɗe baya ta shiga. Dole Anti ta koma gaba.

Ruwa ya tsuge mana tun kafin mu gama gangarowa daga duwatsu. Ba a jin komai a motar sai ƙarar abin share gilashi. Inna ta rufe ido tana jan carbi. Ni kuwa ina kallon ƙeyar Yaya. Na tuna yadda na zauna a bakin gadonta ina ce mata, Inna ki daure, ɗanki ne, ya yi niyyar alheri, kada ki gwale shi. Na tuna ni na goge mata atamfar. Ya san ba za ta yarda da shi ba, sai ya ari bakina.

Mun tsaya a Saminaka muka yi salla. Da muka koma mota ya sayo ayaba ya miƙo baya. Ba wanda ya karɓa, ya ajiye a tsakaninmu. Can wajen Dutsen Wai wayarsa ta yi ƙara, wannan karon bai fita ba, ya amsa a gabanmu. Na ji ya ce, "To, madalla. Ku bar manyan, gobe a yanka katako." Ban san lokacin da na ce, "Allah ya isa" ba.

Inna ta buɗe ido ta ce, "Kul. Yayanki ne."

Na ce, "Inna, ke fa aka..."

Ta ce, "Na ce ya isa."

A ranar har ita na ji haushinta. An yi mata wannan, kuma abin da ya dame ta kada ƙanwa ta yi wa wa rashin kunya.

Mun shigo Kusfa ana shirin kiran magariba, ruwa ya ɗauke. Mota ba ta iya shiga lungunmu ba saboda rassa. Mata da yara na ta jansu, wasu da suka gan mu suka saki suka shige gida. Tun daga zaure na ji warin ɗanyen itace da na man inji. Da muka shiga tsakar gida sai na rasa gane gidan. Haske ya yi yawa. Inda ka saba ɗaga kai ka ga ganye, sai sarari fetal, har kana hango tankin ruwan wani gida da ban taɓa sanin ana ganinsa daga nan ba.

Kanyar na kwance ta cika garkar daga wannan bango zuwa wancan, an yayyanka ta gunduwa-gunduwa. Ɗanyun 'ya'yanta sun watsu cikin caɓi da garin katako. Ta faɗa kan lemun tsamin ta murƙushe shi. Lallen da zogalen ba su tsare wa kowa komai ba, a jikin katanga suke, amma an bi su da adda an kwantar. Tsuntsayen da ke kwana a tsamiya suna ta kewaya sama suna kuka.

Gwaggo na tsaye a ƙofar ɗakin Inna, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Inna ta tsaya kusa da ita ta duba, ba ta taka cikin garkar ba. Sannan ta ce a ba ta buta. Ta yi alwala ta shiga ɗaki ta ja labule.

Yaya ya sa aka shigo da dashen da ya sayo, aka jera su a gindin bango. Ba wanda ya taɓa su. Kafin sati ya zagayo awakin maƙwabta da ke shigowa ta katangar da aka fasa sun cinye su.

Abin da ya biyo baya ya ƙara mini wuta. Na je wurin babban kawunmu, wanda aka yi alkawarin a gabansa. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce lallai yaron bai kyauta ba, amma in yi haƙuri, itace ne fa ba mutum ba. Wani ya ce ai a shari'a haƙƙinsa ne. Na ce ni ban taɓa cewa ba filinsa ba ne. Da ya zo ya tsaya a gabanta ya ce, Inna gobe zan sare, ki yi fushi ki huce, da na ce mugu ne amma namiji ne. Abin da nake magana a kai, ya ɗauki uwarsa a mota ya yi mata wasan yara. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya ce, to ai ya wuce. Matan unguwa kuwa suka riƙa shigowa kamar gaisuwar mutuwa, su jajanta, in za su fita su tambaya ko za a ɗan ba su itacen girki. Inna ta ce kowa ya ɗiba.

Kafin damina ta gaba ɗakuna sun tashi a garkar, an yi musu ƙofa ta baya, an zuba 'yan haya. Bangonsu ya zo daf da tagar Inna. Da bazara ɗakinta ya koma tanda. Yaya ya kawo mata fanka mai caji, ya kira ni yana tambaya ko tana jin daɗinta. Na ce ya tambaye ta da kansa, yana da lambarta.

Ita ta yafe masa. Da Sallah ya zo ya durƙusa, ta sa masa albarka, ta ci abincin da Anti ta kawo. Ta sa ni a gaba sai da na gaishe shi. Ina gaishe shi har yau. Ina kwana, ya aiki, ya yara. Da aka yi bikin 'yarsa ni na tsaya a kan tukwane. Amma hotunan da ya turo mini na lambun nan, Inna na dariya a gindin itatuwa, ban buɗe su ba, kuma ban kai 'yan aji shida ko'ina ba.

Sai dai yafewar ba ta mayar da Inna yadda take ba. Ba ta ƙara yarda ta kwana a wani wuri ba. Ƙanwarta ta gaji da jira, ita ta zo daga Bauchi. Ko biki a cikin birni, sai ta ce a kai mata gudummawarta, ƙafa na ciwo. In ya zama dole ta fita, sai ta aika a kira Gwaggo ta zo ta zauna mata a ɗaki har ta dawo.

Kwanakin baya idonta ya fara yin hazo, na samo mata ganin likita. Na faɗa mata tun ana saura kwanaki, na sake tuna mata ana gobe. Da safe na zo da mai keke napep ya tsaya a bakin lungu. Ta shirya, ta yafa mayafi, muka fito har zaure. A nan ta tsaya, ta dafa bango, ta dube ni.

Ta ce, "Asibitin ne da gaske?"

Na ce, "Inna, ni ce fa."

Ta ce, "Na sani. Tambaya na yi."

Sai da na rantse mata. Ta ce to, in leƙa in ga ko Gwaggo ta shigo. Na leƙa, ta shigo, tana zaune a bakin gado. Sannan Inna ta taka ta fita. A cikin keken ta yi ta yi mini hirar tsadar tumatir, ni kuwa na juya fuska waje har muka isa.